Igiyar da Na Yanke a Dogon Fako

Kukanta ne ya fara sauyawa. Ina tsaye a bakin rumfar baƙi, Kaftin yana magana da Faransanci ni kuma ina juya wa mutanen gari da Hausa, sai kunnena ya bar shi ya koma sama. Famfon iskar Dogon Fako, wanda mutanen garin suka sa wa suna Doguwa, yana da kuka irin nasa: ƙwas, a ɗan huta, ƙwas, kamar tsohuwa na daka ba mai jiran tuwonta. Da wannan kukan nake tashi, da shi nake wuni, har na daina jinsa. Ran nan da la'asar hutun da ke tsakani ya ɓace. Dakan ya koma lugude, a ƙarƙashinsa kuma ga wani siririn ƙara kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na ɗaga kai. Kaftin ya kai ƙarshen maganarsa ya yi shiru yana jirana, jama'a suna jirana, ni kuwa baki buɗe ina kallon igiya.

Ke nake rubuta wa wannan, ke ta farin da bakina ba ya iya kiran sunanta. Yanzu kina tatata a tsakar gida kina bin kaji, ba ki san komai ba. Amma za ki girma a Tawa, za ki je ɗibar ruwa, wata rana wata za ta dube ki ta ce, "Af, ɗiyar Ramatu ce, wadda ta kashe wa mutanen Dogon Fako ruwansu." An riga an faɗa mini a kasuwa, a gaban mai gishiri, kuma ban iya amsawa ba, domin har yau in na fara ba da labarin nan da baki muryata ɗaukewa take yi. Shi ya sa nake rubutawa. Kina wurin a ranar, a cikina, ba wanda ya sani sai ni da Innata. Saboda haka kina da haƙƙin jin yadda aka yi.

An tura ni Dogon Fako ne bayan na gama kwaleji, in koya wa mata kunun yara da tsabtar ruwa. Garin yana arewacin Tawa, inda gonakin hatsi ke fara tsinkewa dutse ya karɓe. Shekarar da na isa, damina ta yi ƙarya. Hatsi ya fito har gwiwa ya tsaya, ya yi fari, akuyoyi suka cinye. Ni da aka aiko in koyar da tsabtar ruwa na tarar babu ruwan da za a tsabtace. Akwai furaji a bakin gari, rijiyar da aka huda da inji, mai zurfin da guga ba ya kaiwa, da wani babban moto a ɗakin siminti wanda ke jawo ruwan in an ba shi gazwal, wato man dizal. Gazwal ɗin kuwa sai mota ta kawo daga Tawa, motar kuma ta manta hanya. Mata kan tashi da jakuna zuwa wani kwari mai nisa su tona yashi, su dawo rana tsaka da abin da ba ya isa alwala. A gidan Iya Kulu aka saukar da ni, wata gwauruwa mai kaifin harshe wadda ta ɗauke ni kamar ita ta haife ni. Ranar farko da na buɗe baki zan yi wa mata bayanin tafasa ruwa, ita ce ta tare ni.

"Madamu, kawo ruwan tukuna. In kin kawo, mu tahwasa shi har da ke ciki."

Malam Isufu ne ya kawo Doguwa, a guntu-guntu, a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ma'aikacin ruwa ne, mutumin Damagaram, mai faɗin goshi da yawan dariya. Samarin gari suka yi aikin da shi, a gabansu kuma Nomau sarkin samari, wanda ya ɗauki ƙarfen da mutum biyu ke ɗauka a kansa shi kaɗai. Ina so ki riƙe wannan: Nomau ba mugu ba ne. Ya fi kowa son Doguwa. Da aka gama, ga ta nan tsaye ta fi kowace bishiya a ƙasar, ƙafafu huɗu na ƙarfe, a bisa wata babbar farfela mai fukafukan kwano jere kamar faifai, da wutsiya a baya. Iska ta buga fukafukan su juya, juyin ya ɗaga sanda ya sauke a cikin rijiya, ruwa ya hau. Ranar da ruwan farko ya zubo a kwami, Iya Kulu ba ta yi guɗa ba. Zama ta yi a ƙasa ta tsoma ƙafafunta.

Da yake ni ce mai karatu a garin, ni Malam Isufu ya zaunar ya koya wa halin Doguwa kafin ya tafi. Ya ce tsohon moton ma, can ƙasa cikin rijiya ƴan ƙananan farfeloli gare shi masu tura ruwa sama, gazwal ke juya su. Ya ce manyan injunan da ke ba birane lantarki ma haka suke, fukafukai ne a kan sanda, wani abu mai gudu ya buga su, ko ruwa, ko tururi, ko iska. Duk dangi ɗaya ne, bambancin kawai wa ke ciyar da su.

"Gazwal sai an roƙi mai mota," in ji shi. "Iska da ƙafarta take zuwa. In wannan ta yi shekara lafiya, Madamu, za a kafa ƴan uwanta a kowace rijiya har Azawak. Bayan su kuma masu ba da wuta, allurar yara ta daina lalacewa don zafi."

Na yarda da shi. Ina da ƙuruciya, kuma na ga ruwa. Ƴan uwan nata suna nan har yau a wani fili a Tawa, cikin akwatunan katako da gara ta cinye. Ta gefensu nake wucewa in zan je kasuwa.

Abu ɗaya ya nanata mini, ya sa na maimaita kamar ƴar lakwal a gaban malamin aji. Doguwa tana da wuya mai juyawa. In iska ta yi daidai, sai ta fuskance ta ta yi aiki. In iska ta fi ƙarfinta, da kanta take kau da fuska ta hannun dama, ta ba iskar gefe, juyin ya ragu har ya kusa tsayawa. In ta lafa sai ta dawo. Ya ce wannan kau da kan shi ne ranta. Duk wanda ya ga ta juya, kada ya ce ta lalace, tsira take yi. Na faɗa wa mata wannan a gindin rijiya. Na faɗa wa Nomau ma, ya ce ya ji.

Da bazara ta kama aka aiko cewa Kaftin, babban sojan yankin, zai zo buɗe famfon. Ke ba ki san zamanin ba tukuna, Allah ya sa ki girma ya wuce: in an ce soja zai zo gari, ko mai gari ba ya barci. Kuma ko ba soja ba, mu Adarawa ba ma wasa da taryar baƙo. Aka share fili, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, aka kafa rumfa a gabas da rijiya. Garin da yara ke kwana da ruwan dusa ya nemo rago. Ni ina can cikin gida tun safe da mata, muna shirin waƙar tarya. Da na fito na ga igiyoyi biyu sun sauko daga bisa Doguwa zuwa turaku a ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, an jera musu ƴan tutoci masu launin tutar ƙasa suna kaɗawa. Na ce a raina, kai, samarin nan sun iya ado. Ban bi igiyar da ido ba in ga inda ta ƙare. Muka yi ta jira cikin rana tun hantsi. Sai bayan azahar motoci suka iso.

To, da kukan ya sauya na ɗaga kai, sai na ga inda ta ƙare. Ba a jikin ƙafafun ƙarfe aka ɗaura ta ba. A wuya aka ɗaura, igiyar guga ce ta fata mai kauri, an ɗaure Doguwa dama da hagu kamar raƙumin da ake so a yi wa lalas. A bayan rumfa, can gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iskar da ke gabansa ta riga ta iso, tana dukan farfelar a fuska. Ina ganin wuyan yana fizga yana neman juyawa dama, igiya tana mayar da shi. Fukafukan sun daina rabuwa a ido, sun zama faifai ɗaya. A gindinta kuwa, daidai ƙarƙashi, an jera yara da mata masu tafi, Iya Kulu a gaba da jikanta a baya.

Kaftin ya maimaita maganarsa, a hankali, irin na mutumin da bai saba maimaitawa ba. Na juya wani abu da Hausa, ban san me na ce ba. Aka yi tafi. Ya tashi aka miƙa masa sabuwar ƙwarya, zai tara a bakin bututu ya sha a gaban mai ɗaukar hoto. Na zame na kama hannun rigar Nomau.

"Sarkin samari, wa ya ɗaure ta?"

"Ni na," ya ce, yana murmushi. "Tun jiya take juye-juye awa amarya. In baƙo na zamne ta ba shi baya hwa? Mu da wace huska?"

"Kwance ta yanzu. Hukahukan nan za su tashi."

"Madamu, ki rufa muna asiri. Shi sha ruwa shi tahi, in kwance ta da hannuna."

"Ba ta kai wa nan, Nomau. Dubi yara."

"Ga soja nan tsaye bakin turke da bindiga. Ke ki tahi ki kwance."

Gatse ya yi mini. Bai san zan je ba, ni ma ban sani ba. Mahaucin da ya feɗe ragon yana tsugune a bayan rumfa, wuƙarsa a kan tabarma. Ban tuna ɗaukarta ba. Na tuna dai nauyin zanena a ƙafafuna, da wata mata da ta yi salati, da fuskar Kaftin lokacin da ya waiwayo da ƙwarya a hannu ya ga mace ta nufo shi a guje da wuƙa mai jini. Turken da nake nema yana gefensa, na igiyar da ke hana Doguwa juyawa dama. Ta yi tauri kamar tsirkiya. Sara ɗaya, biyu, a na uku ta tsinke da ƙara kamar bulala, ta tashi sama da tutocinta ta faɗo cikin caɓin bakin kwami. A bisa kaina Doguwa ta yi wani gurnani ta juya wuyanta gaba ɗaya. Sai gindin bindiga ya same ni a kafaɗa na kife.

Ina kwance kuncina a ƙasa, takalmin soja a bayana, ina jin lugude yana raguwa. Ƙwas. Hutu. Ƙwas. Dogon hutu. Sai shiru. Ruwan da ke bakin bututu ya zama zare, ya tsinke. Kaftin yana tsaye da ƙwarya da ɗan abin da bai kai kurɓi ba a cikinta. Iskar ta yaye rumfa, ta watsa farar ƙasa, ta wuce yamma abinta da hadarinta, ko ɗigo bai sauka ba. Ba fiffiken da ya tashi. Ba yaron da ya ƙwarzane. Doguwa na tsaye lafiya lau, ta ba manyan baƙi ƙeya. A cikin dukan mutanen da na yi watanni ina cin tuwo da su, ba wanda ya buɗe baki, sai Iya Kulu da na ji muryarta daga nesa lokacin da ake jefa ni a mota.

"Ku bar ta ta ɗauki kallabinta mana! Haka za ku kai ɗiyar mutane kai buɗe?"

A Tawa aka kai ni wani gini da ba zan kira sunansa ba, aka sa ni a ɗaki mai taga ɗaya can sama. Ba su dake ni ba bayan na farkon nan. Na faɗi wannan don gaskiya nake so ki ji, ba wadda aka ƙara wa gishiri ba. Abin da suka yi shi ne tambaya. Kullum da hantsi a fito da ni a zaunar a benci, wani mai farin tabarau ya tambaye ni abu guda: wa ya aiko ni? Su wa muke taro da su tun muna kwaleji? Wa ya ce in jefa tutar ƙasa a caɓi? Wuƙar, Kaftin na nufa ko wani? Na yi masa bayanin wuya da igiya da iska, da Faransancin da na ci jarrabawa da shi, har da zane da yatsa a kan tebur. Ya bar ni na gama.

"Famfon ya karye?"

"A'a."

"Wani ya ji rauni?"

"A'a."

"To me kika hana?"

Har yau in na kwanta ina neman amsar da zan ba mutumin nan. Da na tsaya a inda nake na ci gaba da juya magana, da fiffike ya tashi ya sare wa wani yaro kai, da yanzu kowa ya san ina da gaskiya. Abin da na hana bai faru ba, saboda haka babu shi. Abin da kowa ya gani shi ne wuƙa, da tuta a caɓi, da babban soja riƙe da busasshiyar ƙwarya a gaban talakawa.

Masu gadi ba sa ɓoye hirarsu. A bakinsu na ji ana jiran umarni ne kawai, a ɗauke ni zuwa wani sansani can cikin hamada inda ake kai waɗanda suka taɓa gwamnati. Ban san mace ko ɗaya da aka kai can ba, ban kuma san namiji ko ɗaya da ya dawo ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in miƙe tsaye. Har yau haka nake. In kamiyo ya rage gudu a bakin gidanmu, sai in tsinci kaina a tsaye da ke a hannu ban san lokacin da na ɗauke ki ba.

Innata ce ke kawo mini fura. Babana ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu, tela ne da bai taɓa shiga ofishin hukuma ba sai ranar da ya kai ni lakwal. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Na kai ki karatu don ki zamna inuwa, Ramatu," ya ce. "Garin nan ba maza ciki, sai ke?"

Ubanki bai zo ba. Yana koyarwa a Bambeye lokacin, ya aiko cewa ba a barin aji. Ba zan zage shi gare ki ba, tsoro ne, kuma na san ɗanɗanon tsoro yanzu fiye da yadda zan raina mai shi. Amma na duba ƙofar nan ina nemansa, wannan ma gaskiya ne. Malam Isufu ya zo da ya dawo daga arewa, in ji Inna. Ya nemi a saurare shi, aka ce masa ai shi ma ana da tambaya a kansa, tunda shi ya kafa injin da ke juya wa hukuma baya. Ba a daɗe ba aka mayar da shi wani gari can gabas mai nisa. Ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Kafaɗata ta kumbura, amma ba ita ke damuna ba. Na faɗi a kan cikina ranar. Ina zaune a daɓen siminti ina lissafin abin da ba zan iya gaya wa kowa ba. Ke ce ta fari, kin san mu, ko ga uwar da ta haife ka ba a buɗe baki a faɗi wannan, balle ga soja. Wata rana Inna ta miƙo ƙwaryar fura ta riƙe ba ta saki ba.

"Kin gaya musu?"

"Mi, Inna?"

"Abin da ag gare ki."

Na sunkuyar da kai. Ta saki ƙwaryar, ta juya ga Lajidan, wani dattijon soja mai jan baki don goro wanda ke riƙe da makullai. Inna da ko mai unguwa ba ta iya duban idonsa.

"Mai gida, ba mutum guda kunka kulle ba. Su biyu na. Gudan bai ɗauki wuƙa ba."

Lajidan ya daɗe yana kallonta. Da yamma aka jefo mini tabarma da bargo, kuma daga ranar ya riƙa barin ƙofa a buɗe kaɗan in rana ta take. Wannan ne duk alherin da na gani a gidan nan, kuma ban manta ba.

Ban san tsawon zamana ba. Na daina ƙirga. Na san dai an yi hadari sau biyu ina ciki, na ji iskarsu a kan kwano, kuma kowane sai na sa kunne arewa kamar zan jiyo Doguwa daga nan. Ina gaya wa kaina, tana can tana kau da kai, ko ba komai mata suna samun ruwa. Da wannan nake rarrashin kaina in tsoro ya taso mini.

Wata rana da hantsi, mota ta tsaya a ƙofa. Na ji takalma. Na tashi na ɗaura zane da kyau, na karanta abin da zan iya tunawa, domin na ce yau ce. Makulli ya yi ƙara. Lajidan ne shi kaɗai, ba mai tabarau, ba bindiga.

"Madamu, naɗe tabarmarki. Tahi gida."

Na tsaya ina kallonsa. Na ɗauka irin wasan da suke yi ne kafin su sa mutum a mota.

"Ba ki ji ba? Babu magana. An rufe."

"Kaftin fa?"

"Kaftin bai san ki ba. Bai taɓa ganinki ba."

"To famfon?"

Ya ciro goro daga aljihu, ya duba shi gaba da baya, ya mayar.

"Wane famfo? Ni ban san wani famfo ba a Dogon Fako. Ke ma ba ki sani ba. Kin gane, ɗiyata? In kina son ki haihu a ɗakin uwarki, ba ki sani ba."

Na fito rana ta kashe mini ido. Inna na tsaye a bakin ƙofa. A gindin katanga kuwa mutane ne zazzaune jere, da ƙunshin kaya da tukwane, irin waɗanda fari ya koro daga arewa suke jiran rabon tsaba. Na saba ganinsu tun kafin a kama ni, ban saba sanin fuskokinsu ba. Waɗannan na san su. Matan da na koya wa kunu ne. A tsakiyarsu ga Iya Kulu, ta rame har kallabi ya yi mata yawa, jikanta na kwance a gefenta. An jingina wani lanƙwasasshen kwano a jikin katanga yana yi wa yaron inuwa, mai faɗi a sama, siriri a ƙasa. Na san shi tun kafin in matso, fiffiken Doguwa ne. Na sha tsayawa a ƙarƙashinsa ina kallonsa yana wucewa.

"Iya," na ce.

"Kin hito? To alhamdu lillahi." Ta tofar da yawu gefe. "Zamna, kak ki hwaɗi. Bayan da anka tahi da ke, Kaftin ya ce in ya komo daga arewa ta nan za shi biyo, shina son shi iske ta tana dubin hanya tana aiki. Wa ka musu? Nomau ya hau ya ɗaure ta da waya, wadda wuƙa ba ta yankewa. Munka yi ta share hili muna jira. Shi bai biyo ba, hadari ya biyo. Ramatu, ban taɓa jin ƙarhe ya yi kuka awa mutum ba sai rannan. Wanga da kika gani ta bisa ɗakina ya shigo, ya tsaya inda kike shimfiɗa. Sanda ta karye ta hwaɗa cikin rijiya ta toshe ta. Ko an kawo gazwal yau, babu ruwa."

"An rasa rai?"

"Allah ya tsare, kowa ya gudu cikin ɗaki. Garin dai ya mutu. Ga shi nan zamne gindin katanga."

Sai a lokacin na gane maganar Lajidan. Muddin Doguwa na tsaye, ni mai laifi ce. Da ta faɗi da waya a wuyanta, duk wanda zai tambaye ni sai ya tambayi wanda ya ce a ɗaure. Saboda haka babu famfo, babu wuƙa, babu ni.

"Nomau hwa?" na tambaya.

"Shina gaya ma mutane tun ran da kinka yanke ta ba ta ƙara lahiya ba. Wai hannunki ya taɓa ta. Sun kama, don ya hi sauƙin hwaɗi."

"Ke kin san ba haka na ba, Iya."

"Na ga waya da idona. Wa ka tambayata?"

Na duba matan. Wasu suka kau da kai. Wata da na taɓa kwana ina shayar da ɗanta ruwan gishiri da sukari ta dube ni ido cikin ido, ta ja ɗiyarta kusa da ita. Inna ta kama tsintsiyar hannuna, yatsunta sun yi sanyi duk da zafin ranar.

"Taho mu tahi," ta ce. "Kin tsira. Ba wanda ka ƙara taɓa ki."

Na bi ta. Da muka kai kwana na waiwaya. Rana ta ɗan gota, ta fara taɓa ƙafafun yaron. Iya Kulu ta miƙa hannu ta juya fiffiken kaɗan, ta gyara masa inuwa.